Kabeji, habbatus-sauda ko bagaruwa: wanne mai gudun olsa zai ɗauka?

Ka ce a cikin jama'a cikinka na ƙuna ko ƙirjinka na zafi, kafin ka rufe baki an rubuta maka magani biyar. Wannan ya ce ruwan ɗanyen kabeji da sassafe, wancan ya ce habbatus-sauda da zuma, wata ta ce a jiƙa kanumfari ya kwana, Iya ta ce ba abin da ya kai bagaruwa, mai yawan duba WhatsApp kuma ya ce ɗanyar agada ake yayi yanzu. Kowa da shaidarsa a baki: "Wallahi shi ƙanina ya sha, har yau bai ƙara jin ko ɗigon ciwo ba." Mutum ba zai haɗiye su duka ba, bai ma kamata ba. Dole ya zaɓa, kuma zaɓen ba zai yi kyau ba sai ya san abin da yake gudu.

Cikin ɗan Adam yana zubo asid mai ƙarfi don narkar da abinci. Abin da ya hana asid ɗin cin naman cikin shi ne wata majina mai kauri da ke lulluɓe da bangonsa, kamar yadda yaɓe ke kare katangar ƙasa daga ruwan damina. Muddin yaɓen na nan lafiya, a kwana ana ruwa ba komai. In ya zaizaye a wani gurbi, nan ruwa zai fara ci. Gurbin da asid ya ci a bangon ciki, ko a farkon ƙaramin hanji, shi ne gyambon ciki, olsar da muke faɗa. Abubuwa biyu ne ke da alhakin mafi yawan wannan zaizayar.

Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, H. pylori a taƙaice. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta a 1982, a lokacin da manyan likitocin duniya suka tafi a kan cewa babu abin da zai rayu a cikin asid ɗin ciki. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya ɗaga kofi mai ɗauke da ƙwayar ya shanye, cikin 'yan kwanaki ya fara amai, aka duba aka ga bangon cikinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ƙwayar na shiga mutum ne galibi tun yana yaro, ta gurɓataccen ruwa, hannun da ba a wanke ba, ko yawu, har da tauna wa jariri abinci a sa masa a baki. Wani babban nazari da ya tattara alƙaluman ƙasashe a 2017 ya ƙiyasta cewa sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen Najeriya na ɗauke da ita. Yawancinsu ba za su taɓa yin gyambo ba. Wajen mutum ɗaya cikin goma ne ko ɗan sama da haka. Tun 1994 kuma hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar ciki.

Na biyu kuwa da kuɗinmu muke sayensa. Lebura ya tashi daga aiki jiki duk ya yi tsami, ya tsaya a kemis ya ce a ba shi "haɗi na ciwon jiki". Yaron shago ya ɓalle ƙwayoyi huɗu ko biyar, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya ƙulle a 'yar farar leda ba suna ba takarda. Sau da yawa a ciki akwai diclofenac, akwai ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci a ɗora dexamethasone. Dangin waɗannan magungunan, har da asfirin da garin Alabukun da ke ɗauke da shi, suna kashe ciwo ne ta hanyar toshe wasu sinadarai a jiki, kuma sinadaran nan su ne dai ke sa ciki ya riƙa samar da majinar da ke kare shi. Haɗa biyu daga cikinsu a lokaci guda, ko ɗora musu dexamethasone, yana ƙara haɗarin. Tsofaffi masu ciwon gwiwa da baya, manoma, masu tuƙa adaidaita-sahu, su ne suka fi faɗawa. Farasitamol, idan ba a wuce ƙa'ida ba, ba ya cikin wannan dangin.

Yunwa fa? Kusan kowa a ƙasar Hausa ya taso da jin cewa zama da yunwa ke kawo olsa. Gaskiyar ita ce gyambon da ke farkon hanji ya fi ciwo idan ciki ba komai, musamman cikin dare, ya kuma lafa in an ci abinci, shi ya sa aka ɗora wa yunwa laifin. Tana tayar da ciwon da ke kwance, ba ita ta haƙa ramin ba. Haka yaji da attaruhu: suna iya sa mai gyambo ya ji jiki, amma ba a same su da laifin haddasa shi ba. Taba sigari ce ke da laifi na gaske, don tana ƙara haɗarin gyambon tana kuma hana shi warkewa.

Saboda haka duk ganye ko saiwar da aka kawo maka, tambayoyi uku za ka yi mata. An gwada ta a jikin mutane ne, ko a kan ɓeraye da kwanon ɗakin gwaji ta tsaya? Me take yi takamaimai: ƙarfafa bango, rage ƙwayar cutar, ko lafa zafi na ɗan lokaci? Sannan idan ba ta yi amfani ba, wace ɓarna za ta iya yi?

Kabeji ya fi kowa tsohon suna a wannan fage, kuma sunan yana da asali. A 1949 wani likita a Jami'ar Stanford ta Amurka, Garnett Cheney, ya riƙa ba masu gyambo 13 kimanin lita ɗaya ta ruwan ɗanyen kabeji kullum, yana bibiyarsu da hoton ciki. Ya ba da rahoton cewa ramin ya rufe cikin kwana 10 ko ƙasa da haka a matsakaici, alhali a rubuce-rubucen likitocin zamanin ana ɗaukar kwana 37 zuwa 42. Daga baya ya sake gwaji a kan fursunoni a gidan yarin San Quentin, ya ce sakamakon ya yi kyau. Sinadarin da ya jingina wa aikin ya kira shi bitamin U, ko da yake ba bitamin ba ne a haƙiƙa, kuma har yau ana sa shi a wasu magungunan ciki a Japan.

Sai dai a dubi lamarin da kyau. Mutum 13 ba yawa ba ne. A gwajin 1949 Cheney ya kwatanta marasa lafiyarsa ne da alƙaluman wasu asibitoci, ba da wasu marasa lafiya da ke kwance kusa da su ba. An yi aikin shekara talatin da wani abu kafin a san da H. pylori, don haka ba wanda ya duba ko ƙwayar ta mutu. Gyambon da ya rufe alhali ƙwayar na nan kuwa, dawowa yake yi a mafi yawan mutane. Kuma magana ce ta warkar da wanda ya riga ya kamu, ba rigakafi ba.

Ga kuma wahalar aikin. Lita ɗaya ta ruwan kabeji tana cin wajen kilo 2 na ganye. Ka yanyanka, ka markaɗa, ka tace da rariya ko tsumma mai tsabta, ka samu wani ruwa kore-kore mai kumfa da ɗan yaji-yaji a maƙogwaro. In ya yi awa biyu a ajiye cikin zafin nan namu, warinsa kaɗai zai kore ka daga ɗakin. Yana kumbura ciki, yana sa yawan tusa. Abin da ya fi damuna shi ne tsabta: wani kabejin da ruwan kwata ake ba shi a lambunan bakin gari, ka markaɗa shi ɗanye ka sha, kana gudun olsa ka ɗauko taifot ko tsutsar ciki. Wanda zai sha, ya cire ganyen waje, ya wanke kowane ganye da ruwa mai tsabta sosai, ya sha nan take. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ya tambayi likitansa tukuna, haka mai maƙoƙo. A ganina kabeji a faranti, cikin kwaɗo ko dafa-duka ko miya, ya fi kabeji a kofi ma'ana ga mai rigakafi, don shi ne abin da za ka iya dawwama a kai.

Habbatus-sauda matsayinta daban ne a zukatanmu saboda hadisin da ya zo a kanta, kuma cikin duk abubuwan da ke kan teburin masu sayar da magungunan Musulunci ita ce aka yi wa gwajin da ya fi dacewa da tambayarmu. A 2010 masu bincike a gabashin Saudiyya suka wallafa sakamakon gwajin mutum 88 da aka tabbatar suna da H. pylori tare da ciwon ciki, amma ba gyambo. Aka raba su gida huɗu. Gida ɗaya aka ba su haɗin asibiti na magani uku. Sauran gidajen uku aka ba su garin habbatus-sauda giram 1, giram 2 ko giram 3 a rana na mako huɗu, kowannensu tare da omeprazole, maganin rage asid. Haɗin asibiti ya kawar da ƙwayar a kashi 82.6 cikin 100. Giram 2 ya kawar a kashi 66.7. Giram 1 da giram 3 duk sun tsaya wajen kashi 48.

Abubuwa uku zan ciro daga nan. Na ɗaya, ba ita kaɗai aka ba su ba, da omeprazole aka haɗa, masu tallan kuwa ba sa faɗar wannan. Na biyu, giram 3 bai fi giram 2 ba, ƙasa ma ya yi, wanda ko dai yana nuna yawan sha ba shi ne yawan amfani ba, ko kuma mutanen kowane gida sun yi kaɗan har sa'a ta shiga lissafin. Mutum ashirin da 'yan kai ne a kowane gida. Na uku, ko a inda ta fi ƙoƙari, mutum ɗaya cikin uku ya tashi da ƙwayarsa. Duk da haka kashi 66.7 ba abin rainawa ba ne ga habbar da ake saye da ɗan kuɗi kaɗan a kasuwar Kurmi. Giram 2 bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Garin habbar aka gwada, ba man da ake sayarwa a kwalba ba, wanda ya fi ƙarfi, wani ma an cakuɗa shi da wani man. Tana ɗan saukar da sukari da hawan jini, don haka mai shan magungunan waɗannan ya lura, mai ciki kuma ta tsaya a ɗan abin da ake barbaɗawa a abinci.

In aka aza kabeji da habbatus-sauda a sikeli, aikinsu ba ɗaya ba ne. Hujjar kabeji a kan bango take, ta habbatus-sauda a kan ƙwayar cuta. Ta kabeji tsohuwa ce, ta habbatus-sauda sabuwa ce amma ƙarama. Wajen sauƙi habbatus-sauda ta yi nisa: ba markaɗe, ba wari, ba fargabar ruwan lambu, kuma tana shekara a ajiye. Da za a tilasta mini ɗaukar ɗaya a matsayin abin da ake sha da niyyar magani, ita zan ɗauka.

Zuma, abokiyar tafiyarta, ba ta kai ta hujja ba a wannan ciwon. A kwanon gwaji tana hana H. pylori girma, amma da aka ba wasu 'yan mutane zumar manuka ta ƙasar New Zealand, wadda ta fi kowace zuma suna a wannan fanni, ƙwayar ba ta mutu ba. Dalilin a bayyane yake: cokali ɗaya da ya shiga ciki yana narkewa cikin ruwa da abinci ya wuce, ita kuwa ƙwayar tana can ƙarƙashin majina a ɓoye. Zuma na da daɗi, tana sauƙaƙa haɗiyar garin habba, kuma ta fi sukari. Mai ciwon sukari ya ƙirga ta cikin zaƙin da yake sha, kada kuma a ba jaririn da bai shekara ba. Samun ta gaskiya ma wani aiki ne, ganin yadda ake dafa sukari a zuba a kwalba a jefa mataccen ƙudan zuma a sama.

Labarin tafarnuwa ya fi ban sha'awa, don an yi mata gwajin da ba a yi wa sauran ba. A gundumar Linqu ta lardin Shandong a ƙasar Sin, inda sankarar ciki ta yi yawa, an fara wani gwaji a 1995 da mutum 3,365. Wasu aka ba su maganin kashe H. pylori na mako biyu kacal, wasu aka ba su ƙwayoyin tafarnuwa kullum har sama da shekara bakwai. Tafarnuwar ba ta kawar da ƙwayar cutar ba. Da aka bibiye su shekara 22, rahoton 2019 ya nuna maganin mako biyun nan ya rage kamuwa da sankarar ciki da kusan rabi, masu shan tafarnuwa kuma mace-macensu daga sankarar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wato tafarnuwa na da wani alheri ga ciki na dogon zango, amma shekara bakwai ɗinta ba ta yi wa ƙwayar abin da mako biyu na asibiti ya yi ba. A miya a ci ta kullum. Haɗiyar ɗanyarta da safe ciki ba komai, kamar yadda wasu ke koyarwa, ƙwannafi take tayarwa, kuma tana ɗan tsinka jini, abin da mai gyambon da ke iya zubar jini ba ya buƙata.

Yanzu ga waɗanda nake ganin an fi zalunta, don ba wanda ke tallansu da lasifika: kayan miyarmu. A 2004 masu bincike a Jamus suka nuna a ɗakin gwaji cewa ruwan ɗanyar kuɓewa na hana H. pylori mannewa a jikin naman ciki. Gwajin kwano ne, ba na mutane ba, amma kuɓewa ba ta neman ka yi imani da ita kafin ka ci, abinci ce. Haka karkashi, lalo da kuka, duk masu yauƙi ne marasa tayar da ciki, in ba a cika musu barkono da kanwa ba. Zogale na ɗauke da dangin sinadarin nan mai ɗan yaji da ke cikin kabeji da burokoli, kuma an ga yana kashe ƙwayar a kwano. Ɗan uwansa na cikin tsiron burokoli an gwada shi a Japan a 2009: mutum 48, rabinsu na cin giram 70 na tsiron kullum har mako takwas. Alamun ƙwayar da na kumburin ciki suka ragu, da aka daina ci kuma suka koma yadda suke. Wannan sakamakon ya fi kowanne bayyana halin ganyayyaki a wannan ciwo: suna danne ƙwayar muddin ana ci, ba sa fitar da ita.

Hujja mafi kusa da kalmar rigakafi ma daga abinci ta fito. Masu bincike a Harvard sun bi maza ma'aikatan lafiya sama da 47,000 na shekara shida, suka wallafa a 1997 cewa waɗanda suka fi cin abinci mai harza, wato ganye, 'ya'yan itace da dangin wake, haɗarin gyambon farkon hanji ya ragu musu da wajen kashi 45 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka fi ƙarancin ci. Irin wannan nazarin ba ya tabbatar da cewa harzar ce kaɗai ta yi aikin, don mai cin ganye galibi yana kula da kansa ta wasu fuskokin. Amma dubi abin da yake nufi a gidanmu: wake, alala, ɗanwake, kwaɗon zogale da rama, karas, gwanda, gwaba, tuwon dawa da gero da ba a surfe su har suka rasa dusa ba. Ba sabon kashe kuɗi a ciki.

Akwai wasu da zan wuce da sauri. Kurkum, gangamau ke nan, ya yi tashe bayan wani gwaji a Tailan a 2023 da mutum 206, inda sinadarinsa ya yi kunnen doki da omeprazole wajen rage ciwon ciki. Amma waɗanda aka gwada an tabbatar ba su da gyambo, kuma giram 2 na tsantsar sinadarin ake ba su a rana, abin da garin da ke kasuwa ba zai ba ka ba sai ka ci tulinsa. Ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi kuma an samu sun taɓa hantar wasu. Citta gwana ce wajen tashin zuciya, in ta yi yawa kuma ita ke kawo ƙwannafi. Kanumfari da hulba da garin ɗanyar agada, ayabar nan ta suya, hujjarsu mafi yawa daga ɓeraye take. Agadar a dafa a ci, lafiya lau. Yanka ta a zuba a jarka da ruwa a bar ta kwana uku tana tsami a ɗaki, kamar yadda ake yaɗawa a waya, kiwon ƙwayoyin cuta ne kawai.

Sai manyan gida: bagaruwa, sabara, marke, ɓawon maɗaci. Ba na cikin masu yi musu dariya. Kakanninmu ba wawaye ba ne, kuma jami'o'inmu sun gwada da yawansu a kan ɓeraye an ga suna rage gyambon da aka jawo da gangan. Amma a nan ne tambaya ta uku ta fi nauyi. Abin da ke sa bagaruwa ɗaure baki shi ne sinadarin da majema ke jeme fata da shi. Yana iya tsuke wurin da ke ciwo ya ba da sauƙi, yana kuma ɗaure ciki, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Mai gyambon da ke ɗigar jini a ɓoye dama jininsa na raguwa, sai ga shi yana shan abin da zai hana shi mayarwa. Babbar matsalar ita ce awo. Jiƙon yau da na gobe ba ƙarfinsu ɗaya ba, ɓawon wannan bishiya da na waccan ba ɗaya ba, "kofi ɗaya" kuma a wani gida moɗa ce. Abu mai ƙarfi da za a sha wata da watanni da sunan rigakafi, hanta da ƙoda ne ke biyan kuɗinsa. Don haka a sikelina suna ƙasa da kuɓewa, ba don sun fi ta rauni ba, sai don sun fi ta ƙarfi ba tare da ma'auni ba.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙusus, wadda ake shan ruwanta a Masar da azumi. Ita kam aikinta tabbatacce ne, har a shekarun 1960 aka haɗa maganin olsa daga cikinta a Ingila, carbenoxolone. Aka yi watsi da shi daga baya saboda yana tayar da hawan jini, yana kumbura ƙafa, yana zubar da sinadarin fotasiyam har bugun zuciya ya rikice. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda da mai ciki su nisance ta.

Biyu da ba tsirrai ba amma kullum suna cikin zancen: kanwa da madara. Jiƙon kanwa na kashe ƙwannafi nan take don tana kashe kaifin asid, sai dai gishiri ce mai yawa, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa lokacin wankan jego da ciwon zuciyar masu jego. Madara kuwa likitocin Turai da Amurka sun shafe shekaru suna ɗura wa masu olsa ita kafin a gane cewa sanyin na ɗan lokaci ne, daga baya ƙarin asid take jawowa.

Game da kwalaben da ake tallatawa a tasha, mota ɗauke da lasifika tana cewa magani ɗaya na olsa ne da basir da sanyi da taifot da ƙarin ƙarfi, abu ɗaya zan ce. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, in ma ta gaske ce, galibi tana nufin an duba ba a ga guba a samfurin da aka kai ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkarwa, shi ya sa ake rubutawa a jikin kwalbar da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

To wa zai ɗauki me? Wanda lafiyarsa ƙalau, tsoro kawai yake ji don an yi olsa a gidansu, ba ya buƙatar jiƙo ko kwalba. Ya yawaita wake da ganye da miyar yauƙi, ya sa tafarnuwa a girki, ya kula da ruwan sha da wanke hannu, ya bar sigari. In yana son habbatus-sauda, ɗan kaɗan ya isa.

Wanda ba ya iya kwana sai ya sha haɗin kemis, babu ganyen da zai tsaya tsakaninsa da gyambo muddin yana sha. Rigakafinsa shi ne ya san sunan kowace ƙwaya da ke cikin ledar, ya koma farasitamol inda zai wadatar, kada ya haɗa biyu daga dangin diclofenac, kada ya sha ciki ba komai. In ciwon gaɓoɓi ya tilasta shan su na dogon lokaci, likita kan haɗa masa da omeprazole don kare cikin. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya kuma kada ya daina da kansa. Ya koma ya faɗi abin da yake ji.

Wanda ciwon ke tashinsa cikin dare, ya lafa ya dawo wata bayan wata, ya wuce matakin rigakafi. Da yawan abin da muke kira olsa ma ba gyambo ba ne. Wani ƙwannafi ne, wani kumburin bango, wani tsakuwar matsarmama, wani ma ciwon zuciya ne ke zuwa da kamar zafin ƙirji. Gwajin bayan gida na H. pylori ya fi na jini amfani, don na jini kan nuna alama ko da ƙwayar ta daɗe da tafiya. In an same ta, magani na kwana 14 ne, haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na rage asid, likita ke zaɓa, kuma sai an shanye duka ko da an ji sauƙi a rana ta huɗu. Yadda muke shan Flagyl a kan kowace gudawa ya sa ƙwayar ta fara jure wasu magungunan, shi ya sa ake son a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu da gamawa, a kuma dakatar da omeprazole mako biyu kafin gwajin don kada ya ɓoye ta. Kabeji da habbatus-sauda na iya tafiya a gefe, da sanin likita. Mai irin wannan ciwon ya yi wannan zirga-zirgar tun a Rajab ko Sha'aban, kada ya bari sai azumi ya kama shi da gyambo a buɗe.

Akwai kuma halin da ba a tsayawa tambayar wane ganye. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da mugun wari, aman jini ja ko mai duhu-duhu, jiri da ɗashewar tafin hannu da ido, rama ba dalili, abinci na tsayawa a ƙirji, amai da ya ƙi tsayawa, ko ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya ƙame ba ya taɓuwa. Na ƙarshen nan alama ce gyambon ya huda bango, kuma tiyata yake nema cikin sa'o'i. Wanda ya ba shekara hamsin baya kuma ciwon ciki ya fara masa sabo, ko da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya nemi a zura masa na'urar hangen ciki kafin ya fara shan komai, don sankarar ciki kan fara da irin ciwon da kowa ke kira olsa.